Tambaya da Amsa: Aikin Manazarcin Haraji, Daga Alausa Zuwa Mile 12

Tun da aka shiga muhawarar sababbin dokokin haraji, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga Legas suka ƙaru. Da yawansu a kan mutanen nan ne da ake ji a rediyo ana kiransu masu nazarin manufofin haraji: mene ne aikinsu, ina suke samo alƙalumansu, kuma ta yaya mutum zai shiga cikinsu. Mun zaɓi guda shida, mun miƙa su ga masu ba wannan fili shawara a kan tattalin arziki da dokar haraji. Ga abin da suka ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gama digiri a fannin tattalin arziki, ina jiran tafiya bautar ƙasa. Ina so in zama manazarcin manufofin haraji, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in je in karanta akanta. Shin abu ɗaya ne? Ta ina zan fara? Daga wani matashi, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake rijiya ɗaya suke ɗiba. Akanta, ko mai ba kamfani shawara kan haraji, tambayarsa ita ce: bisa dokar da ke ƙasa yau, nawa wannan kamfani zai biya, kuma yaushe? Manazarcin manufa kuwa dokar ce kanta yake titsiyewa. Idan aka ɗaga wannan haraji da kashi kaza, nawa zai shiga baitulmali? Aljihun wa zai yi kuka? Me mutane za su daina yi, ko su fara yi, don su kauce masa? Nawa za a kashe kafin a karɓo shi? Daga cikin waɗannan, tambaya ta biyu ita ce ƙashin bayan sana'ar, domin wanda doka ta ambata da suna ba lallai ne ya zama shi ke biya a ƙarshe ba.

Mutum kan iya shigowa ta ƙofar akanta. Taiwo Oyedele, wanda Shugaba Tinubu ya naɗa a 2023 ya jagoranci kwamitin gyaran haraji da manufofin kuɗi, daga kamfanin akanta na PwC ya fito. Amma digirinka na tattalin arziki ƙofa ce mai kyau, kuma ba ka buƙatar izinin kowa kafin ka fara.

Fara da doka. A ranar 26 ga Yunin 2025 aka sa hannu a kan dokoki huɗu: dokar haraji ta Najeriya, dokar tafiyar da haraji, dokar da ta kafa sabuwar hukumar tara harajin tarayya, NRS, a madadin tsohuwar, FIRS, da dokar hukumar haɗin gwiwa ta masu tara kuɗin shiga, wadda a cikinta aka samar da ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Ka karanta biyun farko da kanka, sashe bayan sashe, da biro a hannu. Abin da ke kayar da masu farawa shi ne su ɗauki ƙudurin da aka kai majalisa a 2024 su zaci shi ne doka. Ƙudurin ya nemi a ɗaga harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima, a hankali har ya kai kashi 15 cikin 100 a 2030, majalisa ta ƙi, aka bar shi a kashi 7.5. Har yau akwai masu rubutu da tsofaffin alƙaluman ƙudurin. Duk lokacin da za ka kawo adadi, ka nemi lambar sashen da ya zo a ciki.

Sai alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton VAT da na harajin kamfanoni duk wata uku, sashe-sashe na tattalin arziki, tana fitar da kuɗin shigar da kowace jiha ta tara, da rabon arzikin ƙasa na wata-wata. Ofishin Kasafi na Tarayya yana fitar da tsarin kashe kuɗi na shekara uku, kuma a nan ake ganin ƙiyasin kuɗin da gwamnati ta yafe ta hanyar rangwame. Babban Banki na da kundin alƙaluma na shekara. Mafi daraja ga mai son sanin nauyin haraji a kan talaka shi ne binciken rayuwar iyalai na 2018 zuwa 2019, wanda ya nuna abin da gidaje ke kashewa a kan abinci, haya, sufuri da magani, kuma shi ne ya sa talauci a kashi 40.1 cikin 100. Duk waɗannan kyauta suke a intanet.

Kayan aiki kuwa, Excel tukuna, har sai ka iya gina lissafin da idan ka canza adadi ɗaya komai zai biyo shi. Bayan nan ka koyi manhajar nazarin alƙaluma ta R, wadda ba a saye, ko takwararta Stata idan ka samu, saboda binciken iyalai ya fi ƙarfin Excel. Kada ka raina rubutu. Kwamishina ko shugaban kwamitin majalisa ba zai karanta shafi 60 ba. Ka koyi zuba magana a shafi biyu: ga matsalar, ga zaɓi uku, ga kuɗin da kowanne zai kawo, ga wanda zai ji jiki, ga wanda muke ba da shawara.

Zamanka a Legas gata ne. Cibiyar CITN ta ƙwararrun haraji, wadda aka kafa a 1982 ta samu dokarta a 1992, tana nan Alausa, tafiyar mota kaɗan daga Agege, kuma jarrabawarta na ƙara wa mutum nauyi. Hukumar harajin jiha, LIRS, ita ma tana Alausa. Ƙungiyar NESG mai nazarin tattalin arziki na Ikoyi, BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi na Yaba, ƙungiyar masu masana'antu na Ikeja, ga cibiyar 'yan kasuwa ta Legas da manyan kamfanonin akanta huɗu. Ka nemi yin bautar ƙasarka a wuri irin wannan. Ranar da za ka je neman aiki, ka riƙe rubutu biyu ko uku na kanka, tare da lissafinsu. Sun fi takardar shaida magana.

TAMBAYA: Albashina naira 300,000 ne a wata, ina biyan hayar naira miliyan 1.2 a shekara. Wasu masana sun ce sabuwar doka ta rage wa irinmu haraji, wasu sun ce ba wani ragi. Ta yaya suke wannan lissafi har suke saɓa wa juna? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba.

AMSA: Malama, bari mu yi lissafin tare, za ki ga inda saɓanin yake. Za mu ɗauka ana cire miki fansho kashi 8 cikin 100 daga dukan albashin, kuma ba wani ragi sai shi da na haya.

Albashinki na shekara naira miliyan 3.6 ne. Fansho 288,000. Saura 3,312,000.

A tsohuwar doka ana ba kowa rangwamen bai ɗaya: naira 200,000 haɗe da kashi 20 cikin 100 na wannan ragowar, wato 862,400. Abin da za a yi wa haraji ya zama 2,449,600. Matakan su ne kashi 7 a kan 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biye, kashi 15 a kan 500,000, kashi 19 a kan wani 500,000, sannan kashi 21 a kan miliyan 1.6 na biye. Matakai huɗun farko sun ba da 224,000. Ragowar 849,600 a kashi 21 ta ba da 178,416. Jimla 402,416 a shekara.

Sabuwar doka, wadda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta soke wancan rangwame na bai ɗaya. A madadinsa akwai rangwamen haya, kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba ya wuce naira 500,000. Naki 240,000 ne. Abin da za a yi wa haraji ya zama 3,072,000. Naira 800,000 na farko ba haraji. Miliyan 2.2 na biye a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 72,000 a kashi 18 ta ba da 12,960. Jimla 342,960, wato 28,580 a wata. An rage miki 59,456 a shekara.

To ga inda masana ke rabuwa. Abokiyar aikinki mai albashi irin naki, wadda ke zaune a gidan mijinta ko gidan gado, ba ta da rangwamen haya. Harajinta 386,160 ne, ragin da ta samu 16,256 kacal a shekara. Wanda ya ce an rage da yawa, ke ya kalla. Wanda ya ce ba wani ragi, ita ya kalla. Dukansu sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, kuma manazarci na ƙwarai ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Yana ɗauko dubban gidaje daga binciken iyalai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar doka da sabuwa, ya raba su gida goma daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, sannan ya faɗi kashi nawa suka ci riba a kowane rukuni.

Wannan lissafi na nuna wani abu da bai kamata a wuce shi ba. Rangwamen haya ya fi amfanar mazaunin Legas a kan mazaunin Gusau ko Azare, saboda tsadar haya a nan. Kuma sai wanda ya iya nuna shaidar biya zai ci moriyarsa. Mai ɗaki ɗaya a lungu, wanda ke miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu ba rasit, yana iya rasa shi duk da ya cancanta. Ki nemi rasit ko shaidar tura kuɗi ta banki, ki kai wa ofishin da ke shirya albashinku.

Ki kuma bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kin taɓo matakin kashi 18, amma abin da kika biya gaba ɗaya kashi 9.5 ne cikin 100 na albashinki. Ƙarin albashi ba zai taɓa sa ki koma gida da ƙasa da na da ba, domin a kan ƙarin kaɗai babban matakin ke hawa.

TAMBAYA: Ni dillalin tumatir da tattasai ne, shekarata ashirin a kasuwa. Ana ta maganar haraji a talabijin, amma ba mai maganar kuɗin da ake karɓa a hannun direbobinmu daga Kano zuwa nan. Su waɗannan masu bincike, ba su san da mu ba ne? Idan ƙungiyarmu na son a yi binciken da gwamnati za ta saurara, yaya ake yi? Daga wani Alhaji, kasuwar Mile 12.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Tambayarka ta taɓo wurin da binciken haraji ya fi rauni a ƙasar nan. Abin da ke shiga asusun gwamnati yana da takarda, shi ya sa ake nazarinsa daga ofis. Abin da ake karɓa a bakin titi tsakanin Kadawa, Zariya, Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho da Ibadan ba ya cikin kowane rahoto, sai an bi shi da ƙafa. Kuma doka ba ta yi shiru ba: dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar haraji.

Ga yadda ake yin binciken da ba a iya turewa.

Ku buga takarda guda mai layi-layi, kowace tafiya da tata. Duk inda aka tsayar da mota a rubuta abu bakwai: rana da lokaci, sunan wurin, wane ne ya karɓa, da wane suna ya kira kuɗin, nawa aka biya, an ba da rasit ko ba a ba da ba, da minti nawa aka ɓata. Idan akwai rasit a ɗauki hotonsa da waya nan take, kafin gumi da man inji su cinye shi. Kada a rubuta sunan direba ko lambar mota, a ba kowace tafiya lamba. Tafiya 30 ce mafi ƙaranci, da direbobi dabam-dabam, kuma a maimaita sau biyu: lokacin da kayan rani suka cika kasuwa, da lokacin damina da kaya ke ƙaranci.

Abin da ke lalata irin wannan aiki sananne ne. Idan aka tambayi mutum "yawanci nawa kake biya", zai faɗi na ranar da aka fi ƙuntata masa, domin ita ce ba ya mantawa. A tambaye shi na tafiyar jiya. Sannan direba na karɓar kuɗin hanya daga mai kaya, abin da ya rage nasa ne, don haka idan ya san mai kaya zai ga takardar, adadi zai kumbura. Shi ya sa ya fi kyau wani ɗalibi da ba ruwansa da cinikin ya hau motar ya rubuta da hannunsa, a ƙalla a tafiya goma, a gwada nasa da na sauran. Wajen fitar da sakamako kuma a jera adadin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, don kada tafiya ɗaya da aka kwana a hannun jami'ai ta ja lissafin duka.

Bayan nan sai a raba kuɗin gida huɗu, kuma a nan ƙwarewa take: harajin da doka ta sani, kuɗin wani aiki da aka yi maka kamar duba lafiyar dabba ko share kasuwa, kuɗin ƙungiya, da ƙwace tsagwaronsa. Idan kuka haɗa su duka kuka kira su haraji, jami'in gwamnati zai ce muku rabinsu ba nasa ba ne, kuma ya yi gaskiya, magana ta mutu a nan. Kowane gida da ƙofar da ake kai kukansa.

Sai a mayar da jimlar kan kwando ɗaya. A misali kawai, a ce mota ta ɗauko kwando 400, an kashe naira 200,000 a shingaye. Kowane kwando ya ɗauki naira 500, ban da wanda ya ruɓe saboda tsayuwa a rana, kuma shi ma a ƙirga shi: kwando nawa aka loda, nawa aka sayar a farashin lafiyayye, nawa aka karyar.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda gwamnati ta fi buƙatar ji: wa ya biya wannan naira 500? Direba ne ya miƙa, amma ba daga aljihunsa ta fito ba. Kai ka fi mu sanin yadda safiyar Mile 12 take idan motoci sun yi layi tun asuba, mata masu sari na zagayawa suna taya kaya a wulaƙance saboda sun san ba za ka kwana da shi ba. A irin wannan rana ba ka isa ka ɗora wa mai saye ko kwabo ba. Kuɗin baya yake komawa, a rage shi daga farashin da za a ba manomi a bakin gona, wanda tumatirinsa ya nuna kuma ba shi da wurin ajiya. Da damina kuwa, sa'ad da mota biyu ko uku kaɗai suka shigo, mai miya a Ketu ko Mushin ce ke biya. Dokar abin ita ce, wanda ba shi da halin jira ko sauya wuri, a kansa nauyin ke sauka. Shanu sun bambanta da kayan gwari domin suna jira, ko da yake ciyar da su a mayankar Oko-Oba ma kuɗi ne, kuma ragon layya a makon Babbar Sallah kusan duk abin da aka ɗora masa mai saye ne ke ɗauka. Don ku tabbatar da wannan da alƙaluma, ku riƙa rubuta farashin kwando a gona da farashinsa a kasuwa na rana guda, tsawon watannin binciken.

Ku nemi malami daga sashen tattalin arziki na wata jami'a ya duba tsarin tun kafin a fara, ba bayan an gama ba. Matasanmu masu jin Hausa da Yarbanci su ne suka fi dacewa da wannan aiki, domin direba ba zai buɗe cikinsa ga baƙon da ya zo da tafinta ba. Da ɗan gari akan ci gari.

TAMBAYA: Kullum sai mu ji an ce an tara harajin da ba a taɓa tarawa ba a tarihi. In haka ne, me ya sa ake cewa Najeriya ba ta tara haraji? Daga wani malamin makaranta, Obalende.

AMSA: Malam, abu na farko da manazarci ke yi wa irin wannan sanarwa shi ne ya cire mata hauhawar farashi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna Jihar Legas ta tara kimanin naira biliyan 651 a 2022, da biliyan 816 a 2023. Ƙarin kashi 25 ke nan cikin 100. Amma hauhawar farashi a 2023, idan aka daidaita watanni sha biyun, ita ma ta kusa kashi 25. Wato siminti da magani da allon da kuɗin 2023 zai saya kusan daidai yake da na 2022. Hukumar FIRS ta tara tiriliyan 12.37 a 2023, da kimanin tiriliyan 21.6 a 2024, ƙarin kusan kashi 75. Hauhawar farashi ta 2024 wajen kashi 33 ce. Ba debewa ake yi ba, rabawa ake yi: 1.746 a raba da 1.33, ya ba da 1.31. Ƙarin gaskiya ya dawo wajen kashi 31. A cikinsa ma akwai rabon faɗuwar naira tun Yunin 2023, domin harajin da ake biya da dala, da VAT na kayan da ke sauka a Apapa, suna kumbura idan aka juya su zuwa naira ko da ba a ƙara ko kwantena ɗaya ba.

Ma'aunin da ake kwatanta ƙasashe da shi shi ne haraji a kan girman tattalin arziki. An daɗe ana cewa namu wajen kashi 6 ne cikin 100. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta sake lissafin 2021, ta haɗo kuɗaɗen da a da ba a ƙirgawa, ta samu kashi 10.86. Gwamnati ta ce burinta kashi 18. Ka lura ba wanda ya biya ƙarin kwabo tsakanin 6 da 10.86, ma'anar abin da ake ƙirgawa ce ta sauya. Haka kuma duk lokacin da aka sake auna girman tattalin arzikin, kamar a 2014 da 2025, adadin kan faɗi ba tare da an rage wa kowa haraji ba.

TAMBAYA: Rigimar rabon VAT da aka yi tsakanin gwamnonin Arewa da gwamnatin tarayya, a ƙarshe wa ya ci, wa ya faɗi? Mu da ke zaune a Legas iyalanmu na gida, abin ya shafe mu ta ko'ina. Daga wani ɗan canji, Legas.

AMSA: Alhaji, hanya mafi sauƙi ita ce a bi naira 100 ta VAT a ga inda take zuwa.

A tsohon tsari tarayya na ɗaukar 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Rabon jihohi kuma ana kasa shi uku: rabi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito. A naira, 25 ke nan, da 15, da 10. Ƙudurin 2024 ya nemi a kai na ukun kashi 60, abin da gwamnonin Arewa suka ƙi a taronsu na Kaduna a Oktoban 2024. Dokar da aka sa wa hannu ta ba tarayya 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35, kuma rabon jihohi ya zama rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. A naira: 27.50, da 11, da 16.50.

Jihar da ba ta da jama'a da yawa ta samu ƙari daga 25 da ta koma 27.50. Jiha mai yawan jama'a irin Kano ko Katsina ta ga tukunyar da ta fi cin moriya ta ragu daga 15 zuwa 11. Sakamakonta na ƙarshe ya rataya ne a kan tukunya ta uku, kuma a nan kalma ɗaya ta fi adadin muhimmanci. A da, inda kuɗin ya fito na nufin inda kamfani ya biya, kuma bankuna da kamfanonin waya daga hedikwatarsu da ke Ikoyi da Victoria Island suke biya. Katin wayar da aka saka a Birnin Kebbi sai ya shiga lissafin Legas. Yanzu doka ta ce inda aka yi amfani da kayan. Idan aka aiwatar da wannan da gaske, wani ɓangare na abin da ake rubuta wa Legas zai koma jihohin da masu sayen suke.

Wahalar tana wajen aunawa. Kira da data da wutar lantarki ana iya gano inda aka sha su. Amma katan ɗin madara da ya fito daga masana'anta a Ikeja, babban dila ya saye shi a nan, aka loda shi a tirela zuwa kasuwar Singa a Kano, daga can ya wuce Haɗeja, takardar masana'anta mai saye na farko kaɗai ta sani. Duk jihar da ke son haƙƙinta sai ta samu mutanen da za su zauna da rahoton rabon wata-wata, su gwada kason da aka rubuta mata da abin da binciken iyalai ya nuna mutanenta na kashewa a kan kayan da ke ɗauke da VAT. Kayan abinci na yau da kullum ba sa ciki, kuma wannan na rage kason jihar da yawancin kuɗin mutanenta a abinci yake ƙarewa. Ma'aikatun kuɗi na jihohinmu na buƙatar masu wannan lissafi fiye da yadda suke buƙatar masu fitowa a talabijin.

TAMBAYA: Ta yaya zan gane manazarcin da za a yarda da maganarsa? Daga wata ɗaliba, Ojo.

AMSA: 'Yar'uwa, ki duba abu uku. Na farko, wa ya biya kuɗin binciken? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka mai gaskiya yakan faɗi wanda ya ɗauki nauyinsa tun a shafin farko. Na biyu, ya bayyana zaton da ya gina lissafinsa a kai, har wani zai iya maimaitawa? Na uku, ya yi lissafin yadda mutane za su sauya hali, da yadda lokaci zai ci harajin?

Ki gwada shi da harajin lemon kwalba mai sukari, naira 10 a kan kowace lita, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo. Kwalbar rabin lita na ɗauke da naira 5. A ce ana sayar da ita 150, harajin ya kai kashi 3.3 cikin 100 na farashi. Idan ta koma 400, ya zama kashi 1.25, ba tare da majalisa ta taɓa dokar ba. Wanda kamfanin lemo ya ɗauka zai nuna miki ayyukan da za a rasa, wanda ƙungiyar lafiya ta ɗauka zai nuna miki masu ciwon sukari. Ki tambayi kowannensu lita nawa ake sha a shekara, daga ina ya samo adadin, kuma da kashi nawa yake zaton shan zai ragu idan farashi ya tashi da kashi 10. Haka za ki yi da naira 50 da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye ta banki: a kan 10,000 rabin kashi ɗaya ne cikin 100, a kan miliyan ɗaya kuwa kashi 0.005 ne, wato nauyinta a kan mai tura wa mahaifiyarsa kuɗin cefane ya ninka na mai tura miliyan sau ɗari.